Arcane zango na 2: ido ya ƙoshi, amma an ci amanar mutanen Zaun

Idan tambayar ita ce ko zango na biyu na Arcane ya cancanci kuɗin data da na rajistar Netflix, amsata eh ce, ba jan rai. Idan kuwa ana tambaya ne ko ya cika alƙawarin da zango na farko ya ɗaukar mana a 2021, to a nan sai an gyara zama. Ni dai ina ganin bai cika ba, kuma abin ya tsaya mini a rai fiye da yadda ya kamata katun ya tsaya wa magidanci mai gemu. Wanda bai kalla ba ya sani tun yanzu zan tona labarin har ƙarshe, don ba yadda za a yi in faɗi abin da ke cina ban taɓo kashi na 9 ba.

Ga wanda bai san shirin ba: kamfanin Riot Games ne ya tsamo shi daga wasansa na kwamfuta, League of Legends, wanda ya fito a 2009. Christian Linke da Alex Yee ne suka ƙirƙiri labarin, zanen kuma aikin kamfanin Fortiche ne da ke birnin Paris na Faransa. Ban taɓa buga wasan ba, kuma ba sai ka buga za ka gane ba. Zango na farko ya zo da kashi 9 a Nuwamban 2021, ya lashe kyautar Emmy a 2022, aka bar mu muna hamma shekara uku. Na biyun shi ma kashi 9 ne, aka sake su uku-uku a ranakun 9, 16 da 23 ga Nuwamban 2024, kuma tun kafin ya fito aka sanar cewa daga shi an rufe. Mujallar Variety ta ruwaito cewa kashi 18 ɗin gaba ɗaya, haɗe da talla, sun lashe kusan dala miliyan 250. Kada ma ka wahalar da kanka wajen juya wannan zuwa naira.

Abin da ya kama ni tun farko ba faɗa ba ne, ba tsafi ba ne. Gari ɗaya ne da ya rabe biyu. A sama akwai Piltover, garin majalisa da jami'a da attajirai, inda rana ke haska gine-gine. A ƙasa akwai Zaun, ramukan haƙar ma'adinai da masana'antu, inda iskar da ake shaƙa ita kanta cuta ce. Gada ce ta haɗa su, kuma a kan gadar nan dakarun tsaron Piltover suka kashe iyayen yara mata biyu, Vi da ƙanwarta Powder, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama Jinx. Da wannan aka buɗe shirin tun a mintunan farko.

Mu da ke zaune a Legas ba ma buƙatar a yi mana tafsirin wannan. Duk wanda ya taɓa hawa gadar Third Mainland da sassafe daga Oworonshoki, ya leƙa hannun dama ya ga gidajen katakon Makoko a kan ruwa hayaƙi ya lulluɓe su, sannan ya ɗaga kai ya hango dogayen benayen Marina da Ikoyi, ya riga ya ga Piltover da Zaun. A 1990 aka kammala gadar, kuma a watan Yulin shekarar gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000 suka wayi gari ba matsuguni. Yau filin unguwar masu hali ce. Masu gadi da direbobi da 'yan dako, cikinsu har da 'yan'uwanmu da yawa, kullum sai sun tsallaka da asuba su yi wa wancan ɓangaren hidima, su dawo da dare a gajiye. Ni a Agege nake kwana, gyaran waya nake a Computer Village, kuma duk ranar da wani kwastoma ya kira ni Island ina jin yadda ake duban mutum a bakin get kafin a bar shi ya shiga. Shi ya sa zango na farko ya shiga jinina. Ya nuna cewa ba lallai masu sama su zama mugaye ba. Rashin kula ma kaɗai ya isa ya kashe na ƙasa. Kuma an rufe shi a wurin da ya fi ciwo: majalisa na ɗaga hannu za ta ba Zaun 'yancinta, a daidai lokacin Jinx ta harba musu roka.

Kashi uku na farkon sabon zangon sun ɗora daga nan, kuma wallahi sun yi. 'Yan majalisa uku sun mutu, cikinsu har da Cassandra Kiramman, mahaifiyar Caitlyn, jami'ar tsaron Piltover da ta shaƙu da Vi. Jana'izarta da gawayi aka zana ta, baƙi da toka-toka, mutane sun zama inuwoyi marasa fuska, sai Caitlyn da Vi kaɗai ke da launi. Duk wanda ya taɓa zaman makoki na kusa ya san haka duniya take koma masa. Daga nan sai shirin ya yi abin da ban zaci zai yi ƙarfin halin yi ba. Caitlyn, yarinyar kirki da muka sani tana tausayin na ƙasa, ta karɓi mabuɗin gidansu ta buɗe bututun iskar da mahaifiyarta ta gina don mutanen Zaun su samu numfashi, ta juya shi, ta riƙa sakar musu gurɓataccen hayaƙin nan da suke kira Grey don ta kamo mutum ɗaya. Abin da aka yi don rahama ya koma makami a hannun 'yar mai shi. Ita kuma Vi, wadda masu wannan kakin suka kashe wa iyaye, ta saka kakin ta bi bayanta. Ana gama kashi na 3, Ambessa Medarda, jarumar yaƙin ƙasar Noxus da ta shigo gari da sunan baƙunta, ta ɗora Caitlyn a kan mulki, aka kafa dokar ta-ɓaci. Kowa na dukan ƙirji yana mubaya'a, har da waɗanda fuskarsu ta nuna ba da son ransu ba. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar a gaya masa yadda irin wannan ranar take farawa da tafi.

A cikin kason nan akwai wata 'yar magana da na ɗauka ita ce ƙashin bayan zangon. Ekko, yaron da ya gina wa marasa galihu mafaka a gindin wata bishiya a can ƙasa, ya ga ganyenta na lalacewa. Da aka bi sawu sai aka gano ɓarnar daga Hextech take, fasahar da ta azurta Piltover, wadda aka binne tushenta a ƙarƙashin ƙasa, can ta wajen da talakawa ke shan ruwa da iska. Ekko ya tsare Jayce, mai ƙirƙirar fasahar, ya faɗa masa gaskiya ido da ido. Na ce to, madalla, yanzu za a yi hisabi. Ku riƙe bishiyar nan a rai.

Kaso na biyu ya zo da Isha a gaba-gaba, 'yar yarinyar da ba ta magana, wadda ta faɗo wa Jinx a ka kuma ta maƙale mata. Ba ta furta kalma ko ɗaya ba har ta bar shirin, amma idanunta sun fi rabin 'yan majalisar iya zance. Ta dalilinta muka ga Jinx ta zama yaya, ta ɗanɗana abin da Vi ta sha a kanta. A waje kuma mutanen Zaun sun fara rina gashinsu shuɗi, sun mai da Jinx tutar gwagwarmaya, ita kuwa ko a jikinta. Wannan ya burge ni ƙwarai, don haka abin yake a zahiri: jama'a kan ɗora wa mutum rawanin da bai nema ba saboda ba su da wani. Sevika, tsohuwar hannun daman Silco, uban dabar Zaun da ya raini Jinx, tana ta fafutukar haɗa kan unguwanni, aka tarwatsa taronta, aka cika kurkukun Stillwater.

Sai kuma aka saki wannan zaren. Daga kashi na 5 labari ya karkata ga Vander, uban riƙon yaran, wanda likitan nan Singed ya dawo da shi a siffar dodo. Ba zan ce bai taɓa zuciya ba. Wasiƙar ban-haƙurin da Vander ya rubuta wa Silco ba ta taɓa isa hannunsa ba, da tunanin Vander na baya da aka zana da fentin ruwa a kashi na 6, da gudun da Isha ta yi riƙe da bindigar Jinx ta ba da ranta, duk sun sa ɗakinmu ya yi tsit. Ƙanina da muke kallo tare ya tashi wai zai duba ko an kawo wuta, alhali fanka na juyawa a kansa. Amma mulkin sojan Caitlyn fa? Watannin da aka yi ana kama mutane ana dukansu a shingayen bincike, a cikin waƙa guda aka nuna mana su, hotuna na wucewa fit-fit. Zaman Vi na shaye-shaye da damben kuɗi bayan rabuwarta da Caitlyn, shi ma waƙa guda. Kafin ka ankara Caitlyn ta juya wa Ambessa baya, ba mu ga daren da ta kasa barci ba, ba mu ga abin da ya sauya mata zuciya ba. A zango na farko irin wannan sauyi kashi biyu ko uku ake ba shi, mutane su zauna a ɗaki su yi gardama har ka fahimci kowa. A nan waƙa ce ke yin aikin da ya kamata hira ta yi. Waƙoƙin suna da daɗi, ban musa ba, amma sun yi yawa, kuma an ɗora musu kayan da ba nasu ba.

Kashi na 7 shi ne gwanin zangon, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Ekko da Heimerdinger, tsohon masanin kimiyyar Piltover, sun faɗa wata duniyar daban, inda Vi ta mutu tun a fashin da yaran suka yi a farkon labari, saboda haka ba a taɓa ƙirƙiro Hextech ba. A can Zaun na da hasken rana da kasuwa, Vander da Silco sun shirya suna wasa da dariya, Powder kuma ta girma da hankalinta, ba ta zama Jinx ba. Ba yaƙi, ba gaggawa. An bar mutane su zauna, su yi aiki tare a kan na'ura, su yi shiru. A can Ekko ya haɗa na'urarsa mai mai da lokaci baya, wadda iyakarta daƙiƙa 4. Da aka zo rawarsa da Powder, a kan waƙar Faransanci ta Stromae da Pomme, sai masu zanen suka rage hotunan zuwa 4 a kowace daƙiƙa maimakon 24 da aka saba, motsin ya riƙa tsinkewa. A matsayina na mai gyaran waya, da farko hannuna ya kai ga allo don in duba ko intanet ce ke wasa da mu. Da gangan suka yi, kuma ya zauna daram. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Ekko ya ga duk wannan, ya ga rayuwar da aka hana shi, amma ya zaɓi komawa garinsu da ya lalace saboda akwai masu jiransa. Wannan kashin kaɗai ya biya kuɗin rajistar wata.

Sai dai shi ma ya tona asirin sauran. Ya nuna cewa marubutan sun iya tafiya a hankali idan sun ga dama, kawai wuri ne ya ƙure musu saboda kayan da suka jibga. Ga ƙungiyar matsafan Black Rose da ta sace Mel, 'yar majalisa kuma ɗiyar Ambessa. Ga Viktor da ya tashi daga mai ƙirƙira marar lafiya ya zama mai warkar da jama'a, ya kuma zama wani abu mai son shafe zaɓin ɗan'adam gaba ɗaya. Ga Jayce a wata duniyar da ta rushe. Ga sojojin Noxus. Kowanne zai iya cin zango guda. Mel ta fi ba ni haushi, don a da ita ce mai wayon siyasa da ke juya majalisa da murmushi, sai aka kulle ta a rami kusan rabin zangon, ta fito da ƙarfin tsafi. A gefe guda, mai ɗora mata murya, Toks Olagundoye, haifaffiyar Legas ce, mahaifinta ɗan Nijeriya, mahaifiyarta 'yar Norway, kuma ta yi aikinta tsaf. Duk inda Mel ta haɗu da uwarta Ambessa sai ka ji iska ta yi nauyi. Matsalar daga rubutun take, ba daga muryar ba.

Yanzu ga inda na ce an ci amana. Da aka ga Viktor da Ambessa sun haɗa kai za su afka wa gari, sai Jayce ya tara kowa ya ce a manta da baya a haɗu a kare Piltover. Wasu 'yan Zaun suka tsallaka gadar nan, gadar da aka kashe musu iyaye a kai, suka karɓi kakin dakarun da suka yi watanni suna dukansu, suka mutu a ciki. Daga baya sauran suka biyo Ekko da Jinx da Sevika suka ceci garin. To me aka ba su? Kujera ɗaya a majalisa. Sevika ta zauna, sauran na hararar ta, cikin 'yan daƙiƙu aka wuce, ko kalma ba a bar ta ta faɗa ba. 'Yancin da aka riga aka amince da shi a ƙarshen zango na farko ba wanda ya sake ɗago zancensa. Ba wanda ya tsaya gaban mutanen da aka shaƙa wa Grey ya ba su haƙuri. Caitlyn ta rasa ido ɗaya a faɗanta da Ambessa, kamar dai shi ne diyyar. An kawo abokin gaba daga waje don kada a amsa tambayar cikin gida, kuma wannan dabara mun san ta, ba a katun muka fara ganinta ba.

Ƙanina bai yarda da ni ba ko kaɗan. Cewa ya yi, “Yaya, kai komai sai ka sa masa siyasa. Labarin 'yan'uwa biyu ne fa, ba taron ƙungiyar ƙwadago ba.” Na ce masa su waye suka raba 'yan'uwan in ba garuruwan biyu ba? Ya ce ai hararar da aka yi wa Sevika ita ce amsar, marubutan na nuna cewa ba abin da ya sauya, kujera ɗaya ake ba talaka a ce ya gode. Wannan karatun nasa yana da ƙarfi, kuma da an ba wurin ko minti biyar da na karɓa. Amma abin da ka ba daƙiƙu kaɗan bayan ka ba yaƙin sararin samaniya rabin sa'a, ka riga ka nuna wanda ya fi maka muhimmanci. Ko ta fuskar 'yan'uwan ma, Vi da muka fara labarin da ita ta koma 'yar rakiya, ana jan ta daga hannun wannan zuwa na wancan. Faɗuwar Jinx tare da dodon a ƙarshe ta girgiza ni, ko da yake shirin ya bar ƙofa a buɗe, ga Caitlyn na duba taswirar bututun iska, ga jirgi na tafiya a sama. Mu dai a majalisarmu ta mai shayi ba wanda ya yarda ta mutu.

Zanen kuwa ba a magana. Mutanen an gina su da kwamfuta, amma fatarsu da bangon da ke bayansu fentin hannu ne, hayaƙi da wuta kuma zanen hannu aka ɗora a kai. Duk inda ka tsayar da hoton za ka iya rataye shi a bango. Kallon ido kawai na Sevika ko rawar leɓen Vi sun isa su gaya maka abin da ke zuci.

Dole in ja kunne a kan abu ɗaya, musamman iyaye. Kada ganin katun ya sa a miƙa wa yara waya. Akwai jini da kisa ƙuru-ƙuru, akwai giya da ruwan mayen nan na Shimmer, akwai ashar, akwai yunƙurin kashe kai a farkon kashi na 9. Akwai kuma soyayya tsakanin mata biyu, Vi da Caitlyn, wadda a kashi na 8 ta kai ga wani sashe na kusantar juna a ɗakin kurkuku. Na faɗa ne don kowa ya shiga da saninsa, kada ya kunna a falo gaban Hajiya ya zo yana neman rimot a ruɗe.

Batun kuɗi kuma, tsarin waya na Netflix a ƙarshen 2024 naira 2,200 ne a wata, amma iyakarsa 480p, kuma wannan shiri ne da ake kallo don zanensa. A wannan ƙarfin hoton, gawayin jana'izar nan da duhun ramukan Zaun sai su dagule su zama tabo. A lokacin na 3,500 ne ke ba da 720p, na 5,500 kuma 1080p. In da hali a ɗauki na tsakiyan ko na saman, a sauke da dare lokacin da data ke araha. Zangon duka sa'o'i shida ne da ɗoriya. A sa abin sauraro a kunne, don janaretan maƙwabta zai cinye rabin kiɗan. Ba fassarar Hausa, saboda haka wanda Turancinsa bai nuna ba ya kunna rubutun ƙasan allo, musamman wajen maganganun Viktor na ƙarshe da ko mu da muke ji sai da muka maimaita. Kuma kada wanda ya yi gigin farawa daga nan bai ga zango na farko ba.

Linke ya ce suna shirin wasu labaran a sauran yankunan duniyar wasan, ya ambaci Noxus da Ionia da Demacia, kuma ganin Mel a jirgin ruwa ta nufi ƙasar uwarta ya nuna inda aka dosa. In Allah ya kai mu zan kalla, ba zan yi ƙaryar cewa na yi fushi ba. Amma an tattara kayan aiki an bar Zaun ke nan, kuma har aka rufe kashi na 9 ba wanda ya koma ya gaya mana ko bishiyar Ekko ta warke ko ta bushe.